Nahawu da adabin Turanci: Inda gizo ke saƙa ga ɗaliban Funtua

A kowace shekara ɗalibai da dama a Funtua da Malumfashi da sauran garuruwan kudancin jihar Katsina kan kammala makarantar sakandare, amma darasi guda ya tare masu hanya, wato Turancin Ingilishi.

A Nijeriya dai duk wanda bai samu kiredit a wannan darasi ba, wato daga C6 zuwa sama, a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamantansu, ba zai samu shiga jami'a ba, ko da kuwa ya yi zarra a lissafi da kimiyya.

Ga manomin Bakori ko Danja da ya sayar da buhunan masara ya ɗauki nauyin karatun ɗansa, faɗuwa a Turanci na nufin sake biyan kuɗin jarrabawa da zaman jiran wata shekara.

Idan ɗiya mace ce kuwa, shekarar jiran takan zama ƙarshen karatun baki ɗaya, da zarar maganar aure ta taso.

Sakamakon WAEC na 2025 ya nuna irin nauyin da wannan darasi ke da shi. Da farko hukumar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari na ɗalibai ne suka samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki sai ta amsa cewa an yi kuskure wajen makin takardar canki-canka ta Turanci, kuma da aka gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96.

Sai dai kuma ba a zauren jarrabawa matsalar ke farawa ba. Takan fara ne shekaru kafin nan, a kan tabarmar tsakar gida, lokacin da yaro ya buɗe littafin aikin gida ya tarar da tambayar da babu mai taya shi warwarewa.

Abin da ake tambaya

Jarrabawar Turanci ta WAEC kashi uku ce. Akwai tambayoyin canki-canka guda 80 a kan kalmomi da ginin jimla, da wasu 60 a kan furuci, sannan da takardar rubutu wadda ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa.

Insha'in, wanda ake so ya kai kalmomi 450, yana da maki 50. Ana ba da 10 ga ƙumshiya, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, sai 10 ga ƙa'idojin rubutu.

A wannan kaso na ƙarshe, kowane kuskuren nahawu ko na harafi ko na alamar rubutu yana cin rabin maki. Ke nan kuskure 20 ya isa ya share makin baki ɗaya.

Rahotannin da manyan masu duba takardu na hukumar ke fitarwa sun daɗe suna nanata koke iri guda: raunin nahawu, da kuskuren rubuta kalmomi, da kwafo jimlolin nassi kai tsaye a wurin da aka nemi a taƙaita.

Hukumar JAMB ma, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta takardar Turanci a kan kowane mai neman gurbi, tare da ƙagaggen labari guda da ake yin tambayoyi a kansa.

Inda harsunan biyu suka raba hanya

Wanda ya duba littattafan aikin gida na ɗalibai Hausawa zai lura cewa kurakuran ba na ganin dama ba ne. Suna da tsari, kuma mafi yawansu Hausa ce daidai wadda aka sa wa rigar Turanci.

Bahaushe kan ce "Babana ya tafi gona." A nan an ambaci suna, aka kuma bi shi da "ya", domin jimlar Hausa ba ta tsayuwa sai da wannan ɗan wakilin suna. Shi ya sa yaro kan rubuta "My father he went to the farm", alhali Turanci bai yarda a haɗa biyun ba.

A Hausa, wakilin sunan ne ke ɗauke da lokaci: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. A Turanci kuwa aikatau ne da kansa ke sauya kama, kamar "go" da "went" da "gone", kuma akwai irin waɗannan aikatau masu yawa da ba su bin ƙa'ida, sai dai a san su ɗaya bayan ɗaya.

Hakazalika Hausa ta yarda a ce "buhu uku" ba tare da an jam'inta sunan ba, abin da ke haifar da "three bag". Tana kuma da "shawarwari" da "bayanai", saboda haka ɗalibi bai ga laifin "advices" da "informations" ba, alhali a Turanci waɗannan sunaye ba su karɓar jam'i.

Akwai kuma batun jinsi. A Hausa rana "ta" faɗi, wata "ya" tsaya, mota "ta" lalace. Turanci ya tattara duk waɗannan ƙarƙashin "it". A ɗaya ɓangaren kuma, Hausa ta bambanta "kai" da "ke" da "ku", inda Turanci ke da "you" kaɗai.

Kalmomi ma kan yi wa ɗalibi tarko. Kalmar "aro" ta haɗa bayarwa da karɓa, don haka ake samun "borrow me your pen" a maimakon "lend". Daga "shan magani" ake samun "drink medicine", daga "jin ƙamshi" kuma ake samun "hear the smell".

Amfanin sanin wannan shi ne, yaron da aka nuna wa asalin kuskurensa yakan gane shi a karo na gaba. Wanda aka ja wa jan layi kawai aka rubuta masa "gyara", yakan maimaita shi har ranar jarrabawa.

Kunne da alƙalami

Takardar furuci na daga cikin waɗanda suka fi ba ɗalibai wahala, ko da yake a rubuce ake amsa ta.

Hausa na da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwan wasali "ai" da "au". Turancin Ingila da ake gwadawa kuwa yana da sautukan wasali kimanin 20 da na baƙi 24, duk a cikin haruffa 26.

Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, don haka "pull" da "full" kan zo wa kunne iri ɗaya. Ba ta da "v", ba ta kuma da sautukan nan biyu da ake rubutawa da "th".

Bugu da ƙari, Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakani. Ta haka ne "bread" ya zama burodi, "brake" ya zama birki.

Rubutun boko na Hausa kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya saba da wannan sauƙi, sai ya tarar da "though" da "through" da "tough" da "cough", kalmomi huɗu masu ƙarshe guda a takarda, amma kowace da furucinta.

Irin wannan ba a koyonsa daga allo kawai, sai da yawan ji da yawan gani. A nan ne kuma yanayin Funtua ya shigo.

Tun da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920, cinikin auduga ya janyo baƙi daga sassan Nijeriya daban-daban. Amma baƙin su ne suka koyi Hausa. Ita ce harshen kasuwa da tasha da masallaci da filin ƙwallo, saboda haka yaro kan wuni bai ji cikakkiyar jimlar Turanci ba sai a cikin aji.

Nahawu ba baƙo ba ne

Ita kanta kalmar "nahawu" daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ilimin ya daɗe a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa.

A zaurukan malamai, almajiran ilimi kan fara da Ajurumiyya, ɗan ƙaramin littafin Ibn Ajurrum na birnin Fas wanda ya rasu a 1323, sannan su wuce zuwa Alfiyya ta Ibn Malik mai baiti kusan dubu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya wallafa Al-Bahr al-Muhit a fannin nahawu da Al-Hisn al-Rasin a fannin sarfu.

Abin lura a tsarin zaure shi ne, malam kan karanta nassin Larabci ya fassara shi da Hausa gaɓa gaɓa, kuma ba a rabuwa da ƙa'ida sai an gan ta tana aiki a cikin jimla.

Ɗalibin da ke zuwa Islamiyya da yamma, wanda ya san fi'ili da fa'ili da maf'uli, ya riga ya san aikatau da mai aikatawa da wanda aikin ya faɗa wa. A darasin Hausa ma an koya masa suna da sifa da bayanau da mahaɗi.

Sau da yawa abin da ya rage shi ne wani ya gaya masa cewa waɗannan su ne dai abubuwan da malamin Turanci ke kira da wasu sunaye.

Littafin da ba a karanta ba

A fannin adabin Turanci, WAEC kan sauya jerin littattafai duk bayan shekara biyar, kuma kowane jeri na ɗauke da wasan kwaikwayo guda na William Shakespeare. An yi Othello daga 2016 zuwa 2020, sannan A Midsummer Night's Dream daga 2021 zuwa 2025.

A jerin 2021 ɗin akwai The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, da Second Class Citizen na Buchi Emecheta, da Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda aka buga a Ingila a 1847.

Tsadar littattafai da wuyar harshensu kan sa ɗalibai su koma ga 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da na tsofaffin tambayoyi. Masu duba takardu sun sha kokawa cewa amsoshi da yawa na nuna mai su bai taɓa buɗe ainihin littafin ba.

Taƙaitawa na iya gaya wa ɗalibi wanda ya auri wa da wanda ya mutu. Amma tambayar jarrabawa kan nemi a nuna halin tauraro ko yadda jigo ya bayyana, tare da hujja daga cikin labarin, kuma wannan sai wanda ya karanta.

Ban da haka, karatun ƙagaggen labari shi ne wurin da ɗalibi ke haɗuwa da dubban jimloli ingantattu. Wanda ya tsallake shi ya yi asara biyu, ta adabi da ta nahawu.

Akwai lokacin da littafin ya zo kusa da gida. Daga 2021 zuwa 2024 JAMB ta sa The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda akasarin labarinsa ya gudana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai tazarar kimanin kilomita 70 daga Funtua.

Gandun Nomau

Funtua na da nata misalin yadda ake kusanto da adabin Turanci ga mai karatu Bahaushe.

A 1975 aka buga Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa Animal Farm na George Orwell, wanda ya fito a 1945. Labari ne na dabbobin da suka kori mai gona domin su mulki kansu, daga bisani shugabanninsu suka zarce shi zalunci.

Mai fassarar ya mayar da gonar Gandun Nomau. Aladen da ya ƙwace mulki ya zama Maitumbi, dokin nan mai aiki ba ji ba gani kuma ya zama Akawal.

Ɗan manomi da ya karanta wannan ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane zambo da habaici, ko yadda ake fakewa da dabba a yi maganar mutane. Ya san haka tun daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Idan ya ɗauki na Turancin daga baya, harshen kaɗai ne zai yi fama da shi, domin ma'anar tana hannunsa.

Kafin wannan, a 1971, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night na Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu.

Adon harshen da ake tambaya a waƙoƙin Turanci ma duk yana da suna a Hausa: kamance, da siffantawa, da mutuntarwa, da kambamawa, da amsa-amo. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi shekaru masu yawa yana zaune a Funtua kafin rasuwarsa a 1999, ya cika waƙoƙinsa da su. Yaron da zai iya nuna inda Shata ya kamanta gwarzo da namun daji, ya riga ya mallaki dabarar da ake nema.

Darasin Kwalejin Katsina

Tarihin jihar ya nuna cewa ƙwarewa a harsunan biyu kan tafi tare.

Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibanta su iya Turanci a baki da alƙalami. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu.

Tafawa Ɓalewa, wanda ya shahara da daɗin lafazin Turanci, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Abubakar Imam kuwa yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, daga baya ya wallafa Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai ya mayar da su 'yan gida.

Sai dai ɗaliban wancan zamani 'yan ƙalilan ne, a makarantar kwana, da malamai da littattafai a kusa da su. Ba haka lamarin yake ba ga akasarin yaran yau.

Lokacin karatu

A yankin Funtua da Malumfashi, zangon farko na shekarar karatu yana faɗawa ne a cikin kaka, lokacin girbin masara da waken suya da dawa da tsinkar auduga. Jarrabawar WAEC kuma takan zo a watannin Mayu da Yuni, daidai da sharar gona da shuka.

Yaron da ya taso daga makaranta ya wuce gona, ko yarinyar da aikin gida ko talla ke jiranta, sai bayan isha'i suke samun zama, galibi da hasken tocila.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga watan Disamban 2020, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. A makarantar kwana ne ɗan talaka ke samun sa'o'in nazarin dare da abokan tattaunawa.

A watan Satumban 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori, har zuwa ƙarshen shekarar.

Wayar salula dai ta kawo ƙamus da darussan furuci a tafin hannu. Amma ta kuma sauƙaƙa kwafo amsa daga intanet, abin da ke cika littafin aikin gida ya bar kan ɗalibi wayam.

Taƙaddamar harshen koyarwa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare, daga nan a koma Turanci.

A watan Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekaru shida. Amma a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa a dukkan matakai, yana mai danganta yawan faɗuwa jarrabawa a wasu yankuna da koyarwa da harshen gida.

Masana harshe da dama sun soki matakin. Sukan kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ana koya masu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin.

A jihohin Katsina da Zamfara ma an gudanar da shirin RANA daga 2015, tare da tallafin UNICEF, domin koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa.

Abin da ɓangarorin biyu ba su musu a kai shi ne, yaron da bai iya karatu da kowane harshe ba, babu nahawun da zai zauna masa.

Abin da ke hannun gida

Akwai matakan da ba su jiran gwamnati.

Na farko shi ne karanta shafi biyu ko uku na labarin Turanci a kullum, wani lokaci da babbar murya, maimakon jiran makon jarrabawa. Ɗalibai huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi littafi guda su riƙa karɓa-karɓa.

Na biyu, bayan kowane babi ɗalibi ya rufe littafin ya ba ƙannensa ko mahaifiyarsa labarin da Hausa. Idan ya kasa, bai fahimta ba. Idan ya iya, sai ya rubuta shi da Turanci cikin jimla biyar na ƙashin kansa, wanda shi ne ainihin aikin taƙaitawa mai maki 30 a WAEC.

Na uku, ya keɓe ɗan littafi na kurakuransa. Duk jimlar da malam ya ja wa layi, ya rubuta ta, ya rubuta gyararriyar, sannan ya rubuta Hausar da ta haifar da kuskuren.

Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da rawar takawa. Uban da ya ɗage wa ɗansa aikin gona na sa'a guda kafin magariba, ko uwar da ta ce "Zo ki ba ni labarin abin da kika karanta yau", sun yi abin da malamin da ke fama da aji mai cunkoso ba zai samu sukunin yi wa kowane yaro ba.

Manoman yankin sun san cewa da damina ake neman abin da za a auna da kaka. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare yana da shekara uku kafin ya zauna wa takardar Turanci, kuma shafi biyu a kullum cikin wannan lokaci ya haura shafi 2,000.